Doki ko raƙumi? Zaɓi tsakanin furosesar tebur da ta saba

Wani ƙanena da ke ɗaukar bidiyon biki da suna ya kira ni wata rana da la'asar, muryarsa har rawa take yi don murna. Wai ya yi tsintuwa: kwamfuta mai furosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, kowacce Xeon E5-2680 v4, ga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, har giga 128, a kuɗin da ko laftof ta kirki ba za su saya ba. "Yaya, ƙwaya ashirin da takwas fa! Wadda nake aiki da ita huɗu gare ta." Ƙwaya dai ita ce ɗan sashen da ke yin aikin a cikin furosesa, kamar ma'aikaci guda. Na ce ya dakata in zo in gani tukuna. Ya ce ai har ya biya, ɗan adaidaita ma ya sauke masa ita.

Na tarar da ita kwance a kan tabarma, wani dogon akwatin ƙarfe mai faɗi, irin wanda ake zurawa cikin kantar ƙarfe a ɗakunan ajiyar bayanai, wato saba. Ya danna maɓalli, fankokin ciki suka tashi gaba ɗaya kamar jirgi zai bar filin Malam Aminu Kano. Hajiya ta leƙo daga tsakar gida tana tambaya ko injin markaɗe aka kawo mata. Muka zauna muna kallon baƙin allo wajen minti uku kafin ta gama duba kayan cikinta. Da Windows ta hau, ya buɗe bidiyon wani kamu, ya ja shi gaba kaɗan, sai hoton ya riƙa tsalle yana sarƙewa. Ya dube ni, na dube shi. Injin lafiyarsa ƙalau, mai shago bai cuce shi ba. Raƙumi ya saya ya kai filin sukuwa.

In an ce furosesar tebur, ana nufin su Core i5 da i7 da i9 na kamfanin Intel, da Ryzen na AMD. In an ce ta saba, wato kwamfutar da aikinta shi ne yi wa wasu kwamfutoci hidima dare da rana, ana nufin Xeon da Intel ya fara yi tun 1998, da EPYC da AMD ya fito da ita a 2017, shekarar da ya fitar da Ryzen. 'Yan gida ɗaya ne. A wajen AMD ma ƙwayoyin aikin da ke cikin Ryzen, waɗanda masu sana'a ke ce wa kor, su ne dai a cikin EPYC ta zamani ɗaya da ita. Tarbiyya ce ta bambanta. Ita ta tebur an yi ta ne don mutum ɗaya da ke zaune yana jiran amsa, saboda haka ƙwayoyinta kaɗan ne amma kowacce na gudu. Ta saba kuwa an yi ta ne don ayyuka ɗari da ke shigowa lokaci guda, sai aka tara mata ƙwayoyi da yawa aka rage wa kowacce gudu, domin in ba haka ba zafi da cin wuta za su fi ƙarfin kowa.

Lambobin za su nuna maka. E5-2680 v4 ɗin nan ta fito a 2016, ƙwaya 14, gudunta daga gigahaz 2.4 zuwa 3.3 (gigahaz shi ne ma'aunin yawan bugun furosesa a daƙiƙa), kuma a lokacin kuɗinta ya haura dala 1,700. Core i5-12400 ta tebur kuwa ta fito a farkon 2022, ƙwaya 6 kacal, tana kaiwa 4.4, ga shi kuma sabon gini ne da ke yin aiki mai yawa a kowane bugu. In aka ba kowacce aikin da ƙwaya ɗaya ce za ta yi shi, ƙaramar ta kusa ninka babbar. In ma aka saki duka ƙwayoyin, shidan nan da sha huɗun nan kusan kunnen doki suke yi.

To yawancin abin da mutum ke yi da hannunsa a gaban allo, ƙwaya ɗaya ko biyu ke ɗaukar nauyinsa: buɗe shafin intanet, jan bidiyo gaba da baya, gyaran hoto, zanen gida a AutoCAD, wasannin kwamfuta, har da lissafin Excel na yau da kullum. Ka ɗauko magina ashirin da takwas ka ce su ɗora bulo ɗaya, mutum ɗaya ne zai ɗora, sauran su tsaya kallo, kuma duka sai ka ba su kuɗin abinci. Inda yawa ke rana shi ne aikin da ke rabuwa gida-gida: fitar da zane mai motsi, matse bidiyoyi da yawa a tare, ko tayar da kwamfutocin gaibu goma, wato kwamfutocin da manhaja ke kwaikwayo, a cikin inji ɗaya.

Ga mai aikin bidiyo akwai wani abin da ba a cika faɗa masa a shago ba. Yawancin furosesar tebur ta Intel na da ɗan sashen hoto a cikinta, tare da Quick Sync da ke warware bidiyon H.264 da HEVC, irin wanda kyamarori da wayoyi ke ɗauka, ba tare da an wahalar da ƙwayoyin ba. Manyan Xeon da EPYC ba su da shi. Abin da ke kan madabod ɗin saba, wato babban faifan da ake dasa furosesa da sauran kaya a kansa, wani ɗan mitsitsin abu ne da aka sa don dai a ga rubutu a allo. Sai ka sayo katin girafik, wato katin da ke sarrafa hoto, shi kuma a akwatin saba na kwance sai ka nemo masa mazauni na musamman da wayar wuta ta musamman, siririn akwati ma ba zai ɗauki babban kati ba sam. Ƙanen nawa ya yi kwana huɗu yana zagayen shagunan Beirut Road a kan wayar wutar nan ɗaya tal.

Kada wannan ya sa a raina raƙumi. Akwai abubuwan da doki ba zai taɓa yi ba, kuma babbansu RAM ce.

Furosesar tebur hanya biyu gare ta zuwa RAM, kuma iyakarta giga 128, sababbi su kai 192 ko 256. Xeon E5 ɗin can tsohuwa hanya huɗu gare ta, tana iya riƙe tera ɗaya da rabi. EPYC 9654 da ta fito a ƙarshen 2022 na da hanya 12 da ƙwaya 96, ita kuwa 9965 ta 2024 ƙwaya 192 gare ta. Duk wanda rumbun bayanansa ya fi ƙarfin giga ɗari biyu, ko yake son kwamfutocin gaibu talatin kowacce da nata kason, babu ma zancen zaɓi a gare shi.

Sai maganar ECC, wadda ita ce ainihin dalilin da ya sa masu ajiyar amanar mutane ke biyan kuɗin saba ba sa ƙorafi. RAM takan yi kuskure jefi-jefi: sifili ya koma ɗaya, ko ɗaya ya koma sifili, saboda tsufa ko zafi ko lahani a sandar. RAM ta gama-gari ba ta san ma an yi ba. Mai ECC tana ɗauke da ƙarin bayanin tantancewa, in ɗigo ɗaya ya juya ta gyara shi nan take, in biyu ne ta gane ta kai rahoto. Ba tatsuniya ba ce: a 2009 masu bincike daga Jami'ar Toronto da Google sun fitar da sakamakon bibiyar injinan Google na kimanin shekara biyu da rabi, inda suka ga sama da kashi 8 cikin 100 na sandunan RAM na samun kuskure a cikin shekara. A kwamfutar da ake kashewa kowane dare, mafi yawan irin wannan kuskuren na wucewa ba wanda ya sani, ko manhaja ta rufe kanta a sake buɗewa. Amma a injin da ke riƙe da lissafin dillalin magunguna ko sakamakon ɗalibai, wanda zai yi wata shida ba a kashe shi ba, kuskuren kan iya bin bayanai ya kwanta a diski, a kwafe shi cikin ajiyar ko-ta-kwana, sai bayan watanni a ga lissafi ya ƙi haɗuwa a fara zargin yaron shago. Wannan shi ne abin tsoro, ɓarnar da ba ta ihu.

A nan akwai tarko biyu. Na farko, za ka ji mai sayarwa ya ce ai duk RAM ta zamani irin ta DDR5 tana da ECC. Abin da take da shi gyara ne na cikin ƙwayar RAM ɗin kanta, ba ya kare bayanai a kan hanyarsu zuwa furosesa, ba ya kuma kai rahoto, don haka ba ɗaya suke da cikakkiyar ECC ba. Na biyu, RAM ɗin manyan sabobi, wadda ake rubuta wa RDIMM, ba ta aiki a madabod ɗin tebur ko da ta shiga ramin daram. Na ga wanda ya sayi sanda huɗu don ya ga araha, ya dawo gida allo ya ƙi kawo komai.

Saba ta kuma fi yawan hanyoyin PCIe, inda ake jona diskokin ajiya na SSD masu sauri da katunan girafik da na sadarwa. Na tebur ashirin ne zuwa ashirin da 'yan kai, E5 tana da 40, EPYC 128. Mai kati ɗaya da SSD biyu ba zai taɓa jin ƙunci ba. Mai son katin girafik huɗu don horar da ƙirƙirarriyar basira zai ji tun ranar farko. Akwai kuma ɗan injin sa ido da ke kan madabod ɗin saba, Dell na ce wa nasu iDRAC, HP na ce wa iLO, wanda ke ba ka damar kunna injin, ka kashe, ka shiga BIOS, wato shafin saitin injin na tushe, har ka sake zuba masa Windows ko Linux kana Kano shi yana Abuja. Wanda ya taɓa hawa mota zuwa wani gari don kawai ya danna maɓalli ɗaya ya san darajar wannan. Sai tukunyar wuta biyu, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, da diskin da ake zarewa injin na aiki. Lura dai, waɗannan na ƙarshe ba daga furosesar suke ba, daga gidan da aka gina mata suke. Wanda ya sayi Xeon ya dasa ta a kan madabod ɗin X99 mai arha da ake haɗawa da tsofaffin kaya bai samu ko ɗaya daga cikinsu ba.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar, wato wuta. Masu rubuta irin wannan kwatance a Turai da Amurka sukan ambace ta a layi ɗaya su wuce. Mu a nan ita ce alƙali.

Xeon biyun ƙanena kowacce wat 120 aka rubuta mata, 240 ke nan in suna aiki sosai, ban da fankoki da diski da sandunan RAM masu yawa. Core i5-12400 wat 65 aka rubuta mata, tana iya haurawa 117 na ɗan lokaci in aiki ya yi tsanani. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da inji ke ci yana zaune ba ya komai, domin saba a haka take cinye mafi yawan rayuwarta. Mu ce tsohuwar saba na jan wat 150 a zaune, ƙaramar kwamfutar tebur na jan 30. A wata guda na awa 720, ta farko ta sha yunit 108, ta biyu yunit 22 bai cika ba. A farashin naira 225 kowane yunit da aka yanka wa 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, bambancin ya haura naira 19,000 a wata, sama da 230,000 a shekara. Kuma wannan lissafin mai samun wuta ne.

Wanda ke kan inbata ga nasa: batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe da wat-awa 2,400, kuma in irin na ruwa ne, rabi kawai ya kamata a sha in ana son ya yi ƙarko. Wat 150 zai cinye rabin nan cikin awa takwas, ban da asarar da inbata ke yi. Wat 30 zai kai awa arba'in. Wato sabar da ka saya da arha za ta aike ka sayen ƙarin batir da ƙarin faifan sola da suka ninka kuɗinta. Araha dai ba ta ado.

Duk wutar da inji ya ci kuma zafi take komawa. An ƙera sabobi ne don ɗaki mai sanyi da iska mai tsabta, yawancinsu digiri 35 ne iyakar zafin ɗakin da aka yarje musu a aikin yau da kullum. Watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri kuwa 40 ba labari ba ne. Fankoki za su yi ta kururuwa, in hunturu ya zo su zuƙi ƙura su cusa ta cikin haƙarƙarin sanyaya furosesa har ta zama kamar auduga. In za ka sa mata na'urar sanyaya ɗaki, to ka koma ka sake lissafin wuta daga farko.

Akwai kuma manhaja. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 ba ta amince da Xeon E5 a hukumance ba. Ana iya yi mata dabara ta hau, amma dabara ce, ba wanda ya yi maka alkawarin gobe. Xeon da suka girmi v3, wato ƙarnin da ya gabaci v4 ɗin ƙanena, ba su da wani rukunin umarni da ake kira AVX2, wasu sababbin manhajoji kuma ba sa ko buɗewa in babu shi. Windows ta Home furosesa ɗaya kawai take gani, sai Pro ke ganin biyu. Lasisin Windows Server kuwa tun daga na 2016 da yawan ƙwaya ake lissafa shi, mafi ƙaranci 16 a kowane inji, don haka mai ƙwaya 28 zai biya na 28. Na san da yawa a cikinmu ba su san hanyar sayen lasisi ba, wannan tsakaninsu da Mahaliccinsu, amma ma'aikata ko kamfanin da ake binciken littattafansa, yawan ƙwayar da ba ya amfani da ita bashi ne yake ɗaukar wa kansa. Mai Linux, ko Proxmox na tayar da kwamfutocin gaibu, ko TrueNAS na ajiyar bayanai, ba ruwansa da wannan.

To wa zai sayi me?

Mai editin bidiyo, mai zanen gini, mai gyaran hoto, mai wasanni, mai rubuta manhaja, duk ku sayi ta tebur, rarar kuɗin ku zuba a katin girafik da SSD da RAM. In aikin ya yi nauyi ƙwarai, Ryzen 9 7950X ko 9950X na da ƙwaya 16 masu kaiwa gigahaz 5.7, sun isa kusan kowa.

Shago ko kemis ko ƙaramin asibiti mai kwamfuta biyar zuwa goma da ke jona da rumbun bayanai ɗaya, ku ne aka fi ruɗa da kalmar "saba". Aikinku bai kai ya gajiyar da ƙwaya huɗu ba. Abin da kuke buƙata amana ce, ba ƙarfi ba, kuma akwai 'yan tsakiya da aka yi dominku. Akwai ƙananan sabobi na tsaye masu Xeon E, waɗanda a gaskiya furosesar tebur ce aka ɗaura wa ECC, ba su da ƙara, ba su da cin wuta. A 2024 AMD ya fitar da EPYC 4004 da ke zama a mazaunin AM5 irin na Ryzen. Ryzen da yawa ma na karɓar ECC irin ta UDIMM, wato ba ta manyan sabobi ba, in madabod ɗin ya yarda, sai dai a karanta takardarsa, kada a dogara da bakin mai shago. A ɓangaren Intel, madabod mai W680 na buɗe wa wasu Core na ƙarni na 12 zuwa 14 ƙofar ECC. Amma in kuɗin ba su isa komai ba, ni dai UPS mai kyau, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, da diskin ajiya na biyu da ake kaiwa wani gida zan fara saya kafin ECC. Abin da na ga ya fi lalata bayanan mutane a garin nan ɗauke wuta ne ana tsakiyar rubutu, sai ɓarawo, sai diski ɗaya tilo da ya mutu ba magaji.

Masu cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, ku bi abin da hukumar jarrabawar ta gindaya, ba ra'ayina ba.

Cikakkiyar saba ta mutum uku ce: wanda RAM ɗin da yake buƙata ta wuce iyakar tebur, wanda zai jona katuna da diski masu yawa, da wanda injinsa zai zauna nesa da shi a ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya, mutane da yawa na dogaro da shi. Shi wannan ya sayi sabuwa mai garanti in da hali, domin in ta tsaya ba shi kaɗai ya tsaya ba.

Tsohuwar Xeon ta hannu fa? Tana da gurbinta, ban ce a zubar ba. Ɗalibin da ke koyon haɗa sadarwar kwamfutoci, yana son ya tayar da injinan gaibu goma sha biyar ya lalata ya gyara, ba abin da zai ba shi RAM mai yawa a kuɗi kaɗan kamarta, kuma shi ba dole ya bar ta a kunne ba. Shi ma na fi ba shi shawarar ta tsaye irin HP Z440 ko Dell Precision T5810 maimakon ta kwance: Xeon ce a ciki, ECC ce, tana karɓar katin girafik ba rigima, kuma ana iya kwana ɗaki ɗaya da ita. In za ka saya, kada ka yarda da "tana yi" a baki. A kunna a gabanka, ka shiga BIOS ka ga sunan furosesar da yawan RAM da idonka, ka tabbata ba a kulle BIOS ko iDRAC da kalmar sirrin tsohon mai ita ba, ka ƙirga marikan diski domin sau da yawa babu su kuma nemansu wahala ne, sannan a bar ta tana aiki mai nauyi ko na rabin awa ne kana tsaye.

Ƙanena ya sayar da tasa da 'yar asara ga wani yaro mai karatun kwamfuta, wanda ya zuba mata Proxmox, yana kunna ta in an kawo wuta, in an ɗauke ya rufe ta da tsohon zanen gado saboda ƙura. Shi kuma ya haɗa i5-12400 da RAM giga 32 da katin girafik na hannu. Bidiyon kamun nan da ya ƙi tafiya, a daren da ya haɗa ta ya gama shi, a kan inbata, Hajiya na barci a ɗakin da ke jikin nasa.